Ba Ni Na Kai Ƙarar Alhaji Fataw Ba

Raudatu Abukari,
Stapleton, Staten Island.
Litinin, 9 ga Afrilu, 2018.

Zuwa ga
Alhaji Sulaimanu Kassim,
Shugaban Ƙungiyar Masu Gidajen Abinci ta 'Yan Zango,
Titi na 125, Harlem, New York.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Game da: Zargin da ake mini kan ƙarar shafin intanet na gidan abincin Alhaji Fataw

Shekaranjiya Asabar da hantsi ina cikin jirgin ruwa daga tsibirinmu na Staten Island zuwa taronku. Abin da na ɗauko: sanda, waya, kwafin takardar kotu, da shafi biyu na gyare-gyaren da zan nuna. Ba a karɓi ko ɗaya ba, shi ya sa nake rubutowa.

Ni ce 'yar marigayi Abukari mai tasi. Makauniya ce ni tun haihuwa. Na yi shekara goma sha ɗaya a makarantar makafi a Gana, na dawo New York a 2014. Aikina gwada shafukan intanet, in ga ko makaho zai iya amfani da su. Ga kokena:

1. Ranar 12 ga Janairu na so yin odar shinkafa da wake daga shafin Alhaji Fataw. Wayata tana karanta mini rubutu da murya, amma ba ta karanta hoto. Jerin abincinsa kuwa hoton allon da ke rataye a shago ne. Abin da wayar ta faɗa kaɗai shi ne akwai hoto.

2. Ranar 20 ga Janairu na je da kaina, na gaishe shi yadda ya kamata, na ce a rubuta jerin da haruffa, aikin yini guda ne, zan yi masa. Ya ce Allah sarki, me makauniya za ta yi da intanet alhali tana da iyaye irinsa. Ya sa aka ƙunsa mini tuwo, ya ce sadaka ce, in yi masa addu'a. Na yi masa. Amma saye na zo yi.

3. Bayan mako biyu ya aiko mini cewa ya gyara. Ashe waƙar maraba ya sa, tana tashi da kanta da an buɗe shafin, wai don makafi su ji daɗi. Waƙar ta danne muryar wayar. A da ina jin cewa akwai hoto; yanzu ko wannan ba na ji.

4. A tsakiyar Maris takardar kotun tarayya ta iso masa. Wani makaho ne ya kai ƙara ta hannun lauya, bisa dokar haƙƙin naƙasassu. Sunansa yana shafin farko na takardar. Namiji ne, ba ɗan Zango ba, ban taɓa jin muryarsa ba. Ba wanda ya karanta sunan. An ji makaho, ni kaɗai aka sani, aka ce ni ce.

5. Tun ranar ana cewa na tsallake dattawa na kai ɗan'uwa gaban Bature, wai boko ya cire mini kunya. A masallaci matan da suka saba riƙe mini hannu zuwa sahu sun daina. Juma'a uku ke nan ina laluben wuri da sanda. Wannan ya fi komai nauyi a gare ni.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi: a sa mai ido ya karanta shafin farkon nan a gaban 'yan ƙungiya. Sannan a sanar bayan sallar Juma'a, har ɓangaren mata, cewa ba ni ba ce. A kuma cire waƙar.

Na bar maganar Asabar zuwa ƙarshe. Na iso ofishinku ƙarfe goma sha ɗaya, na yi sallama. Na ji muryarka a ciki, ranka ya daɗe, na ji ta Alhaji Fataw. Sakatarenku Malam Souley ya fito ya ce taron na masu shago ne, in yi haƙuri, Allah ya ba ni lafiya. Lafiyata ƙalau. Ban gama magana ba ya mayar da ƙofa, na ji ƙarar sakata.

Na riga na gwada shafukan mambobinku guda bakwai. Shida suna da irin wannan matsalar, lauyoyin da ke farautar irin waɗannan shafuka don kai ƙara kuma ba su gama zagaye ba. Ba zan ba kowane lauya sunayen ba. Amma na daina hawa jirgin ruwa don wannan magana. Wanda ke son gyara ya zo Stapleton ya same ni, bayan an wanke sunana.

Allah ya ƙara girma.

'Yarku mai biyayya,
Raudatu Abukari