Kallon Idon Malama

Talata, bayan isha'i

Barci ya ƙi zuwa. Yau Misis Karen, malamarmu Ba'amurkiya, ta tambayi wanda ya zubar da fenti a kan taswira. Da ta zo kaina na sunkuyar da kai, yadda Umma ta koya mini. Ta ce, "Hauwa, in gaskiya kike faɗi, dube ni." Idona ya ƙi barin takalminta. Wai gobe za ta sake tambayata, in ba ta gamsu ba, ba ni ba zuwa wurin wasa ranar Alhamis. Ga shi tun zuwanmu Doha nake marmarin hawa jirgin nan mai kifa mutum kai a ƙasa.

Wallahi ba ni na zubar ba.

Da muke cin tuwo na gwada a kan Abba. Na ƙura masa ido har ƙwalla ta taru. Ya ajiye loma ya ce, "Ke, lafiyarki? Ni sa'anki ne?" Umma ta harare ni.

Gobe tsakanin girarta zan kalla. Allah ya sa kar ta gane.