Ɗan da Ummata ta shayar ya sunkuyar da kai ranar bikinsa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, admin ka sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina a jagule yake.

A Madina aka haife ni, kakanninmu ne suka zo daga Kano a ƙasa, ya'ani mu ne ake ce wa Takari. A unguwar Ƙurban muna da maƙwabta Larabawa farare, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Lokacin da matar gidan ta haifi ɗanta Faisal ciwo ya kwantar da ita, Ummata kuma tana goyona, sai ta haɗa mu ta shayar har yaye. Yaron nan a gidanmu ya tashi, tuwo da miyar kuka ya fi ni ci, Yumma, wato mama, yake kiran Umma, ko mayafi ba na sawa a gabansa tunda ɗan'uwana ne na nono.

To watan jiya aka yi bikinsa. A nan idan ango zai shigo wajen mata ana sanarwa, kowa ta rufe fuska sai muharramansa. Umma da ta yi sati tana shirin ranar nan ba ta rufe ba, don me za ta rufe wa ɗanta fuska? Ta miƙe da murnarta za ta je ta sa masa albarka, sai gwaggonsa ta tare ta a gaban dangin amarya, wai ta rufe fuska ta koma baya, nan ba wajen shaggala ba ne, wato 'yan aiki. Da wata ta tambaya ko wace ce, gwaggon cewa ta yi baƙar da ke musu raino ce a da. Jama'a, raino! Faisal yana tsaye, ya ji, ya kalli Umma, ya sunkuyar da kai. Wallahi nan take na ja hannunta muka fito ko abinci ba mu taɓa ba.

Yanzu kullum yana ƙofarmu yana kuka, wai kunyar surukai ce ta ɗaure masa baki. Ita ma amaryar ta kira ni, ta rantse ba ta san komai ba, tana so ta zo ta gaida uwar mijinta. Ni kuwa na ce wa Faisal halas, magana ɗaya ce, inda aka ci mutuncin nan za a gyara shi, ya tara matan nan ya faɗa da bakinsa cewa wannan baƙar uwarsa ce. Ya ce in rufa masa asiri, gwaggon za ta tada gidan. Yayana yana ganin na tsananta, wai maƙwabtaka ta fi ƙarfin haka, in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu, ai yaron ya zo.

Abin da ya karya ni, Umma ba ta yi fushi ba, ramewa kawai take yi. Jiya take ce min zagin ba baƙonta ba ne, ta sha shi a kasuwa da asibiti, amma ba ta taɓa zaton Faisal yana ganin launinta ba.

In buɗe masa ƙofa ya ba da haƙuri a ɓoye don Umma ta samu ta ci abinci, ko in tsaya sai ya kira ta uwa a gaban mutane? Ku faɗa min gaskiya, ko da ni ce da laifi.