Fom Biyu a Jakata

Litinin, 3 ga Maris

Darakta ya kira ni ofishinsa. Manajan ƙungiyarmu zai yi ritaya nan da shekara biyu, kuma ba za a ba kowa kujerar ba sai mai digiri na biyu a gudanar da harkokin wasanni. Ya miƙo min fom biyu. Na farko shi ne wannan kwas ɗin, wata goma sha takwas, a can nesa. Na biyu kwas ɗin yamma ne a nan gida, na aikin ofis kawai, ba ya kai mutum kujerar. Ranar 28 za a rufe karɓa.

Shekara goma sha ɗaya ina raka 'yan matan ƙwallon raga duk inda za su. Ni ke neman bas, ni ke kama masauki, ni ke riƙe makullan ɗakuna. Manaja sa hannu kawai yake yi. Astagfirullah, ba gulmarsa nake ba.

Laraba, 5 ga Maris

Koci ya hango fom ɗin a jakata. Wai, "Inna, ashe za mu fara rusuna miki? To ki tuna da mu talakawa." Na yi dariya kawai. Ban so maganar ta fita ba.

Asabar, 8 ga Maris

Ta fita. Mahaifin kyaftin ɗinmu, tela, ya bar shagonsa ya zo har bakin fili, tef ɗin awo a wuyansa. Ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce, "Malama, ba ƙwallo na ba 'yata ba, ke na ba. Ran da kika sauka daga bas ɗin nan, ita ma ta sauka."

Na lissafa. Cikin yara goma sha biyu, iyayen bakwai haka za su ce. Kuma da bakina na yi musu alkawari, gida gida, cewa ƙafata ƙafar 'ya'yansu. Amana ce. Tun ina riƙe da allo na san nauyinta.

Lahadi, 9 ga Maris

Malam, maigidana, ya ce duk wanda na zaɓa Allah Ya sa albarka. Da ma hana ni ya yi, da na huta.

Alhamis, 13 ga Maris

Yaya a waya: "A shekarunki? Ki zauna benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yanki saboda ƙwallo?" Na ce mata tunani kawai nake. Na yi istihara sau uku.

Talata, 18 ga Maris

Kyaftin ta tsaya taya ni naɗe raga bayan atisaye. Ba ta kalle ni ba ta ce, "Inna, in kin tafi Baba zai cire ni. In kin zauna kuma a kawo mana sabon manaja irin mutumin da ya kama mana ɗaki marar sakata bara, ran da ba ke kika kama ba." Na tambaye ta wanne take so. Ta ce, "Ni ma ban sani ba." Ta bar min ragar a hannu.

Na cike fom ɗin yamma tsaf. Ban kai ba.

Asabar, 22 ga Maris

Wasan waje. Gwiwata na ciwo, da gaske take ciwo, sai na ba nas ɗinmu makullai da takardar sunaye. Ta ƙirga yara sau biyu, ta kora su salla a kan lokaci, ta ƙwace wayar guda. Ba abin da ya ɓace. Na ɗan ji haushi, ban san dalili ba.

Talata, 25 ga Maris

Na bi ta shagon tela, nas ta raka ni. Gaisuwa ce kawai. Ya daɗe yana tambayarta gidansu da sunan mahaifinta, keken ɗinki a tsaye. Da za mu tafi ya ce, "Zan duba." Bai ce ya yarda ya ba ta amanar 'yarsa ba. Sauran gida shida.

Da na dawo na tsaya wurin mai hoto, na gyara mayafi, ya ɗauke ni guda huɗu. Fom ɗin nesa ne ke neman hoto, na yamma ba ya nema. Ban yanke komai ba. Hoto ai ba ya lalacewa.