Ayar da Yatsana Ya Taɓa

Baba Maikano, ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Ka yi wa Allah ka karanta takardar nan har ƙarshe ka ba ni amsa, domin ni kam abin ya sha kaina, kuma a nan ba ni da wanda zan iya gaya wa.

Ni manomi ne a wata 'yar unguwa can bayan Dangora. Majami'armu ɗakin jinka ce, manyanmu ba mu wuce goma sha bakwai ba. Tun da aka ɗauke mai bishararmu a tamanin da uku ba a sake aiko mana da wani ba. Ni kaɗai ne na iya karatu a cikinmu, shi ma na yaƙi da jahilci ne, don haka ni nake karanta Littafi Mai Tsarki kowace Lahadi, shekara takwas ke nan. Ba yabon kai ba, Baba, da can himma gare ni. Ko ruwa ake tsugawa sai na fita na buga ƙarfen sujada.

To, ga inda matsalar take. Mahaifina mai duba ne, wuri yake watsawa ya duba. Bayan rasuwarsa ni da hannuna na ƙone kayansa. Amma ka san mutanenmu, sun saba ba a fara komai sai an tambaya. Sai suka riƙa zuwa wurina in buɗa musu Littafi. In yi addu'a, in rufe ido, in buɗe, inda yatsana ya taɓa shi ne amsa. Mai neman aure ya zo, mai son sayen bijimi ya zo, har masu tafiya ci-rani. Ni a ganina gara su tambayi Maganar Allah da su koma wurin boka. Sau da yawa kuma abin kan yi daidai, ana ta yabona, ni kuwa ina jin daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Bana da damina, ana tsakiyar noman firi, zazzaɓi ya kama matata Tasalla, idanunta suka yi rawaya, aka ce shawara ce. Maƙwabcinmu Ɗahiru, Bafillace ne Musulmi, ya zo har ƙofar gida da amalanken shanunsa, ya ce mu kai ta bakin titi mu nemi motar asibiti. Na ce ya ɗan jira. Na shiga ɗaki, na rufe ido, na buɗe. Sai yatsana ya sauka a Yahaya sura goma sha ɗaya, inda Yesu yake cewa ciwon nan ƙarshensa ba mutuwa ba ne. Baba, har tsalle na yi! Na fito na sallami Ɗahiru, na ce Allah ya riga ya ba mu amsa. Ya girgiza kai ya kora shanunsa, ni kuma na ɗauki fartanya na koma gona. Bayan kwana biyar ni da ƙafata na je na roƙe shi amalanken. Ba ta kai Kwanar Dangora da rai ba. Ta bar mini yara huɗu, ƙaramin ko yaye shi ba a yi ba.

Tun daga ranar zuciyata ta mutu. Ina karatu ran Lahadi, amma baki ne kawai yake motsi. In na durƙusa addu'a sai in ji kamar ba ta wuce jinkar ɗaki. Wani lokaci in ce Allah ne ya yaudare ni, sai in tsorata in nemi gafara. Wani lokaci in ce ni ne na kashe ta. Ba wanda ya san abin da ya faru sai Ɗahiru, shi kuwa bai taɓa ɗaga maganar ba, sai dai matarsa tana aiko wa ƙaramin da madara kullum. Wallahi shirun nan nasa ya fi mini zagi ciwo. Har yau mutane suna zuwa in buɗa musu, ina ce musu idona ke ciwo.

Na yanke shawara ranar godiyar kaka zan miƙa wa dattijonmu Ubale Littafin in ce na gaji. Na san bai iya karatu ba. Na san in na ajiye, ba mai karanta musu ko aya ɗaya. Amma yaya zan ci gaba da karanta abin da nake jin tsoron buɗewa? Ka gaya mini gaskiya, ko mai ɗaci ce.

Naka,
Mai Karatun da Ya Gaji, wajen Dangora

AMSA

Ɗana, sau biyu na karanta takardarka. Ubangiji ya ta'azantar da kai, ya raya yaran nan.

Gaskiya ka nema, ga ta. Ka yi kuskure. Ka ƙone kayan mahaifinka, amma sana'arsa ba ka bar ta ba, kayan aiki kawai ka sauya. Maganar da yatsanka ya taɓa a kan wani mutum ne mai suna Li'azaru aka yi ta, ba a kan Tasalla ba. Saboda haka Allah bai yaudare ka ba. Amma kuma ba zan yarda ka ce ka kashe ta ba. Shawara in ta yi tsanani tana ɗaukar rai har a gadon asibiti. Ko za ta rayu da an kai ta ran farko, ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Jinkiri ka yi, kana zaton bangaskiya ce. Ka tuba daga wannan, akwai gafara. Mu manya da muka bar ku shekara takwas ba makiyayi, mu ma muna da rabonmu a ciki.

Anya ka taɓa karanta surar nan har ƙarshe kuwa? Li'azarun nan fa ya mutu, har an binne shi. 'Yar'uwarsa Marta ta tari Yesu a hanya ta gaya masa kai tsaye cewa da yana nan da hakan bai faru ba. Bai tsawata mata ba. Shi kansa ya yi hawaye kafin ya ta da mamacin. To, kai ma gaya masa abin da ke ranka, ba saɓo ba ne.

Ka fara Yahaya daga farko, sura ɗaya kowace safiya kafin ka fita gona, bi da bi, ido buɗe. Ko ba ka ji komai ba ka karanta. Himma ba ta dawowa rana ɗaya, kamar ƙarfin mai jinya take, a hankali take shiga jiki. Ka je wurin faston gundumarku da shafin amsar nan a hannu, ka roƙa a riƙa leƙo ku ko sau ɗaya a wata. Da rani ka zaunar da mutum biyu ko uku, har da mata, ka koya musu karatu, don nauyin nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ɗahiru kuwa, ka je ka yi masa godiya, ka ce masa shi ne ya yi daidai.

Kada ka ajiye Littafin. Ranar godiyar kaka ka tsaya gabansu ka faɗa musu abin da ya faru, duka. Ka ce daga yau an daina buɗewa ido rufe, mara lafiya kuma a ɗauke shi zuwa asibiti ana addu'a a hanya. Sannan ka karanta musu surar nan daga aya ta fari har ta ƙarshe. In kuka ya zo maka, ka tsaya ka yi kukanka, za su jira ka.

Ubangiji ya riƙe ka, ya sabunta ƙarfinka. Ina tuna ka cikin addu'a.

Baba Maikano