Wata Biyar Kafin Tauraro Ya Zauna

Zuwa ga 'yata Wa Rusmini, a garin Tawau, can ƙetaren teku.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki da jikan namu da ba mu taɓa gani ba. Mu nan tsibiri sai godiya, in ban da idon mahaifiyarki. Likitan birnin Baubau ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa, ganin da ya rage mata bai wuce na wata uku ba. Na san aikinku ba zai bar ki ki zo bana ba.

Shekaranjiya aka harba rokar da ta ɗauki tauraron ɗan'adam ɗin nan da zai kawo mana intanet, a rediyo muka ji. Muka yi walimar godiya ta haroa, aka ci kasuami, tuwon rogon nan namu, da gasasshen kifi, liman ya yi addu'a. Mahaifiyarki ta ɗaura zanen bikinki, ta zauna gindin farantin kama intanet da aka kafa a makaranta, waya a hannu tun hantsi, tana jiran ta ga jikanta ta bidiyo. Har tana ce mini, "Kai tsoho, gyara hularka, kar yaro ya ɗauka kakansa ɗan fashin teku ne!" Har la'asar shiru kake ji.

Malamar makaranta ce ta ja ni gefe. Ashe wauta muka yi, mun ɗauka kamar jirgin ruwa ne, ya tashi da safe ya iso da yamma. Wai rokar a hanya take sauke tauraron, shi zai lallaɓa ya hau mazauninsa, wata biyar cur. Na ƙirga da yatsu, na ga ya zarce wata ukun da likita ya faɗa. Na ce da mahaifiyarki gajimare ne ya tare.

Ki gaida mijinki. Mahaifinki, La Baudi.

Zuwa ga Wa Rusmini.

Ina gaisuwa, yaya yaron da haƙora? Wata biyar ɗin sun cika, jiya intanet ya iso, gari ya ɗauka da murna. Ni ban iya murnar ba. Tun watan jiya mahaifiyarki ba ta bambanta rana da inuwa. Ta sa na rantse ba zan gaya miki ba, ga shi na karya, Allah Ya yafe mini.

Ranar Juma'a za mu kira ki ta bidiyo. Tana ta koyon yadda za ta riƙe wayar daidai fuskarta don kar ki gane. Ki ɗaga mata yaron kamar ba ki san komai ba, ki sa shi dariya don ta san inda za ta duba. In ta ce hancinki ya ɗauko, ki ce haka ne, Inna.

Allah Ya yi miki albarka. Mahaifinki, La Baudi.