Na Share Gayaunar Inna a Cikin Gem

Assalamu alaikum Goggo Fatsuma. Don Allah ki agaza mini da shawara, kuma ki daure ki kai ƙarshen wasiƙar nan kafin ki yi dariya, don na san da kin ga kalmar gem, wato wasan cikin waya, za ki ce ga wani ƙato ya rasa abin kawo ƙara. Shekarata talatin da ɗaya, ina da shagon gyaran waya kusa da jami'a a Kalgo, amma gidanmu yana Gwandu. Innarmu ta daɗe da rasuwa. Baba ne ya rage mana, kuma ƙanwata Rukayya, da ke aure a unguwarmu, ita ke kula da shi kullum. Ni sai ranar Juma'a nake shiga mota in je.

Baba manomi ne tun tasowarsa, gonakinsa suna wajen Maruda. Shekara huɗu ke nan da ya yanke jiki ya faɗi, ɓarinsa na dama ya shanye. Magana ta dawo, hannu da ƙafa ba su dawo ba. Mutumin da ba ya iya wuni ɗaya a gida ya koma zaman zaure, yana kallon masu wucewa da hauya a kafaɗa. Mai yi masa gashin ƙashi ya ce a nemo abin da zai riƙa motsa yatsun hannun hagu, sai na kai masa wata tsohuwar waya mai faɗin fuska da gem ɗin noma a ciki. Na zaci zai jefe ni da ita.

Bari in kwatanta miki kashi na ɗaya na gem ɗin, don ki gane sauran. Komai na cikinsa 'yan murabba'ai ne. Manomin kamar kwalin ashana yake, ba hannu ba ƙafa, ka taɓa wuri da yatsa ɗaya ya sulala ya je. Hatsin ɗigo-ɗigo ne ruwan ɗorawa, ba wanda zai rantse ko mene ne, Baba ya ce gero ne, ya zama gero. To Goggo, tsohon nan ya ɗauki abin da gaske fiye da waɗanda suka ƙirƙira shi. A gem ɗin kana iya shuka kowace rana, amma shi ba ya shuka sai ruwan shuka na gaskiya ya sauka a Gwandu. In ya yi girbi, cikin kowane dami goma sai ya fitar da ɗaya ya kai wa maƙwabtan cikin gem, ya ce ba ya cin haƙƙi ko a wasa. Ya raba filinsa huɗu daidai da gonakinsa na Maruda, ya bar layin ciyawa tsakaninsu yana kiransa gamba. Uku gandu ne. Ƙaramar ta gefen gabas ita ce gayaunar Inna, irin 'yar gonar da maigida ke yanka wa matarsa. Shi yake noma mata ita, kuma bai taɓa haɗa amfaninta da na gandu a rumbu ɗaya ba.

Bayan shekara masu gem ɗin suka saki ƙari a kan kashi na ɗayan, suka kawo rijiya da noman rani da albasa. Ba su taɓa komai na da ba, fili kawai suka buɗe a gefe. Baba ya ji daɗinsa ƙwarai, don da can in rani ya yi sai gyaran rumbu kawai yake yi a gem ɗin. Har faɗa ya riƙa yi wa masu gem ɗin, wai albasarsu tana saurin ƙosawa, da gani ba su taɓa dasa ta ba.

Sai kashi na biyu ya fito wata biyu da suka wuce. Goggo, ban san yadda zan gaya miki ba. Na sauke shi a shago da rana tsaka, na buɗe, wallahi sai da na manta da mai jiran wayarsa a tsaye. Hadari yana haɗowa daga gabas kana ganinsa yana tafiya, iska ta fara kaɗa shuka layi-layi kafin ɗigon farko ya faɗo. Ƙasa tana sauya launi in ta jiƙe. In manomi ya taka laka sawunsa yana zama, ruwa ya cika shi. Akwai kogi, kuma kogin yana cika ya yi ambaliya ya shanye fadama, ba tausayi. Tsuntsaye suna saukar wa shinkafa garke guda, in ka kore su su tashi tare su juya a sama su dawo ta bayanka, sak yadda jan-baki ke yi mana. Na sa abin saurare a kunne na ji kukan kwaɗi bayan ruwa ya ɗauke. Manomin kuwa mutum ne cikakke, yana tafiya a kan kunya, ya sunkuya, ya ɗaga hauya da hannu biyu, gumi na tsattsafo masa a wuya. Na daɗe ina tasbihi, ina mamakin yadda Allah ya ba ɗan Adam basirar zana ruwan sama har ka ji kamar za ka shaƙi ƙamshin ƙasa. Kuma yana da wuya. Sau uku ina dasa shinkafa a fadamarsa, sau uku ruwa yana cinyewa, amma ban iya ajiye shi ba.

Abin da ya zo mini a rai shi ne, Baba da ya shekara huɗu bai ga gona ba, ga gona zan kai masa har zaure. Kashi na biyun yana karɓar tsohuwar gonar mutum ya maida ita sabuwa. Ran wata Juma'a, an kai shi masallaci, na ɗauki wayarsa na yi aikin ban tambaye shi ba, don ina so in ba shi mamaki. Abin da ban duba ba shi ne, sabon gem ɗin ba ya barin ƙananan filaye. Ya haɗe gonakin huɗu suka zama ƙatuwar gona ɗaya, ya nome gambar, ya zube rumbunan a wuri guda. Gayaunar Inna ta ɓace a cikin gandu.

Da ya dawo na miƙa masa ina ta washe baki. Ya daɗe yana kallo, har na ga idonsa ya kawo ruwa lokacin da hadarin ya taso, ya yi salati a hankali. Ya bi manomin da ido har ƙarshen kunya. Daga nan ya sa yatsa yana neman gefen gabas, ya nema ya nema, sannan ya ɗago ya tambaye ni wanda ya taɓa masa iyaka. Na shiga bayanin cewa wannan ya fi wancan ta kowace fuska. Ya ce in mayar masa da tasa. A nan na yi abin da ke hana ni sukuni: na ce masa tsohuwar ta tafi, ba ta dawowa. Ƙarya na yi, Goggo. Na kwafe ta a katin memori kafin in fara, tana cikin aljihun tebur a shagona. So nake ya saba da sabon, ya ga abin da na gani.

Yau mako biyar bai taɓa wayar ba. Ya sa Rukayya ta ajiye ta a kan taga. Ta ce yatsunsa sun fara sandarewa, kuma ya daina tambayar ko an ga hadari. Ita a ganinta ba iyakar ce kaɗai ba, ganin mutum na tafiya da ƙafa biyu a gona ne ya taɓa shi. Ta daina amsa wayata da fara'a. Ni kuma, Allah ya gani, har yanzu in na buɗe kashi na biyun sai in ji ba a taɓa yin abu mai kyansa ba, ina jin ciwon a ce Baba ya koma wa kwalin ashana. In mayar masa in ce na yi ƙarya, ni da bai taɓa kama ni da ita ba? Ko in ƙara haƙuri ko zai saba? Ga damina ta ƙarato.

Naki,
Ɗan Manomi, Kalgo

Wa alaikumus salam Ɗan Manomi. Ban yi dariya ba. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma ni ma na yi mamaki, sai dai ba inda ka yi naka ba. Kai hadarin cikin gem ne ya tsayar da kai. Ni mahaifinka ne ya tsayar da ni: mutumin da aka ba 'yan murabba'ai da yatsa ɗaya, ya fitar da zakka a ciki, ya jira ruwan Allah kafin ya yi shuka, ya ci gaba da noma wa matarsa gayaunarta shekaru bayan ta bar duniya. Allah ya saka masa da alheri.

Ba zan yi maka musu a kan kyan kashi na biyu ba. Yadda ka kwatanta shi, ni da ban taɓa buga gem ba sai da na so in leƙa. Niyyarka ma kyakkyawa ce, kuma hawayen da ka gani a idonsa shaida ne cewa shi ma abin ya burge shi. Amma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka. Ƙarin noman rani ya karɓe shi hannu biyu saboda ya zo ya zauna a gefe bai ture komai ba. Kashi na ɗayan kuwa, rashin kyansa ne ya ba Baba wuri. Da yake ba a zana komai sosai ba, shi ya cike sauran da Maruda da ke cikin kansa. Sabon ya zana komai da kansa, bai rage masa abin cikewa ba. Wataƙila Rukayya ma tana da gaskiya, kwalin ashana ba ya tuna wa mutum ƙafarsa. Don haka kowannenku da gem ɗin da ya fi masa, kuma ba dole sai ɗaya ya ci ɗaya ba.

Laifinka ba a can yake ba. Kai ɗan manomi ne, ka san ko ɗan cikin mutum ba ya shiga gonarsa ya tuge gamba ba da izini ba. Ka ɗauka wasa ne, shi kuwa ita kaɗai ce gonar da ta rage masa da zai iya zagawa da kansa. Sannan ka ɗora ƙarya a kai. Jiran ya saba ɗin nan da kake yi, ba haƙuri ba ne, tsoron faɗin gaskiya ne, kuma yatsunsa ne ke biyan tsoron naka.

Ga abin yi. Kada ka jira Juma'a. Ka fara gwada memorin a wata waya a shagonka, ka tabbata gonakin huɗu suna nan da gambarsu da rumbunansu, kada ka je ka yi masa alkawarin da ba zai cika ba. Sannan ka rufe shago ka tafi Gwandu. Ka biya ta wurin Rukayya ka ba ta haƙuri, don ita ta kwashi mako biyar ɗin nan. Ka durƙusa gaban Baba ka gaya masa duka: ka taɓa ba izini, kuma ka ce ta ɓata alhali tana hannunka. Kada ka ce ka samo dabara ko ka yi sa'a, wannan ƙarya ce ta biyu. Zai iya yin fushi, ya kyautu ya yi. Ka tambaye shi ko ya yarda ka mayar, in ya ce to, ka mayar a gabansa yana kallo.

Kashi na biyu kuma ka bar shi a wayarka, kada ka sake tallata masa. In ransa ya huce, wata rana ka gaya masa gaskiyar da ka gaya mini, cewa ruwa ya cinye maka shinkafa sau uku ka rasa gane lokacin dashe. Ka yi tambaya irin ta ɗan da ke neman sani. In ya ga dama ya leƙa ya gyara maka, ka zama hannunsa shi yana ba da umarni. In bai ga dama ba, ka bar shi.

Ka ce damina ta ƙarato, kuma ka fi ni sanin cewa ba ya shuka sai ruwa ya sauka. Kada ruwan farko ya zuba a Gwandu gayaunar Innarku tana kulle a aljihun tebur a Kalgo. Allah ya ba Baba lafiya, ya jiƙan Inna, ya sanyaya zukatanku kai da Rukayya, ya ba mu damina mai albarka.

Goggo Fatsuma