Abin da Babbar Wayar Ta Nuna Mini

Zuwa ga Hamdiyya, sanyin idona, inuwar da nake nema idan rana ta take a tsakiyar tafki, ruwan randar da ban taɓa sha na ƙoshi ba. Sallama da gaisuwa mai yawa daga bakin ruwan Wara, inda kika bar ni. Ina fata kina lafiya, ke da mahaifanki da duk mutanen gidanku a Yelwa.

Za ki yi mamakin ganin takarda a hannun Sunday direba a zamanin da kowa ke magana ta waya. Mamakin zai ƙaru idan na gaya miki na sayi waya, sabuwa fil, irin wadda kika daɗe kina yi mini gori a kanta. Kin tuna yadda kike dariyar tsohuwar tawa? Ƙarama kamar kwalin ashana, gilashinta a tsage, ga baƙin tabon da ya cinye gefen dama da ƙasanta tun ranar da ta faɗa ruwa. Kin ce mai jirgin da ya fi kowane girma a Wara bai kamata ya riƙe wannan abin kunya ba. To, na ji maganarki, sai dai na ji ta a makare, kamar yadda na saba.

Ranar kasuwa na sayar da shinkafar da na girbe, na hau mota zuwa Yelwa. Da gangan ban biya ta gidanku ba, don ina so ki fara ganin fuskata a cikin wayarki, ki yi wannan dariyar da ke sa ki rufe baki da gefen mayafi. Modibbo mai shagon waya ya zaro ta daga kwali ya ɗora mini a tafin hannu. Hamdiyya, allo ce guda, ta fi tafin hannuna tsawo, baƙa wuluk, sumul kamar fuskar tafki da hantsi kafin iska ta taso. Da ya kunna ta sai shagon ya haske. Na ji tsoron riƙe ta, ni da ba na tsoron igiyar ruwan Agusta. Ba ta shiga aljihun rigata ba, na wando ma rabinta a waje.

Daga nan ta fara nuna mini matsayina. Modibbo ya ce in ɗora babban yatsana ta haddace zanensa, don kada kowa ya buɗe ta sai ni. Na ɗora, ta ƙi. Na goge a riga na sake ɗorawa, ta ƙi. Muka gwada yatsu goma, ba wanda ta yarda da shi, ashe igiyar inji da filafili sun daɗe da shafe mini zanen hannu. Modibbo yana ta dariya, ya ce sai dai in zaɓi lambobi huɗu. Na zaɓi huɗun ƙarshe na lambarki. Rubutu kuwa, in taɓa harafi ɗaya uku su fito, shi ya sa kika ga na koma ga biro da takarda. Amma duk wannan bai dame ni ba, na dawo Wara ina rungume da ita kamar mai ɗauke da jariri.

Ya ke hasken safiyata, kin san abin da na fara nema a cikinta. Hoton nan ne da kika turo mini wata biyu da suka wuce, kina zaune a tsakar gidanku cikin shuɗin mayafi. A ƙasansa kika rubuta kalma huɗu: “Ka duba da kyau.” Na kuwa duba. Na duba idanunki, na duba ɗan murmushin da bai kai ga haƙora ba, domin iyakar abin da tsohuwar wayata ta bar mini ke nan, sauran duk baƙin tabo ya rufe. Na amsa miki cewa na duba, kin fi furen bado kyau. Ba ki ce komai ba. Na ɗauka kunya ce. Wata biyu ina nuna wa masu jirgi fuskarki a bakin ruwa, ina cewa ga uwar ’ya’yana.

Modibbo ya kwashe mini duk hotunana zuwa sabuwar, ya koya mini yadda ake buɗe yatsu biyu a kan gilashi hoto ya matso. Da na isa gida bayan la’asar na tarar da Inna tana gyaran kifi, na ce ta wanke hannu ta zo ta ga surukarta yadda Allah ya yi ta. Kin san idon Inna ya yi rauni, ba ta taɓa ganin komai a tsohuwar wayar ba. A wannan kuwa ta gani tun kafin ni. Ni ina kallon fuskarki, ita tana kallon abin da ke bayanki. Sai ta ce, “Zulkiflu, wagga ɗiya an sa mata rana. Ba ka ga goro da tabarmi ba?”

Na buɗe yatsuna biyu. Ga huhun goro a jingine da bango, ga buhun gishiri, ga katan-katan na alawa, ga sababbin tabarmi a naɗe ba a ko kwance igiyarsu ba. Ga hannunki na dama a kan gwiwa, da zoben da ban san shi ba. Komai tangaran, har zaren da aka ɗinke bakin buhun ana gani. Wace irin waya ce wannan da ba ta san ta sakaya wa mutum ba? Me ya sa ba ta ƙi buɗewa ba, kamar yadda ta ƙi yatsuna? Na zauna a kan turmi, kuma ban san lokacin da aka kira magariba ba.

Washegari na tare Sunday a tasha. Ya sunkuyar da kai ya ce shi ya zaci na sani, ina dai yin ta maza ne. Ya ce wanda za ki aura sunansa Jalaluddeen, abokin aikinki ne a asibiti, mutum ne mai natsuwa, kuma saura Juma’a uku a ɗaura aure.

Ba zan ce kin yaudare ni ba, Hamdiyya, harshena ba zai iya ba. Sau uku kina ce mini in turo magabatana. Na farko na ce sai na canza inji, na biyu na ce sai ruwa ya janye, na uku na ce sai an girbe shinkafa. An girbe, ga abin da na yi da ita. Kin ji nauyin faɗa mini da baki, kika bar goro da gishiri su yi magana, yadda duk ɗan gari zai gane da kallo ɗaya. Ni kaɗai ne a ƙasar Yauri aka nuna wa kayan sa rana na mayar da kirari. Ina jin kunyar wannan amsar tawa har cikin ƙashina. Yaya kika ji da kika karanta? Kin yi kuka, ko kin ce dama haka yake, ba ya ganin abin da ke gabansa?

Kin tuna ranar da inji ya mutu mana a tsakiyar ruwa, kina ɗauke da akwatin sanyi na alluran rigakafi za ki tsallaka ƙauyukan ƙetare? Hadari ya haɗo daga gabas, fasinjoji suna ta salati. Ke kuwa kika tura akwatin ƙarƙashin benci, kika naɗe hannun riga, kika ɗauki yankakkiyar jarka kina kwarfe ruwa, ni ina tuƙi da filafili. Duk kwarfa ɗaya sai ki ce mini in ƙara ƙarfi, yara suna jiran allura. Da muka taɓa gaci kika dube ni, ruwa na zuba daga mayafinki, kika ce ashe dai na iya wani abu. Tun ranar ban sake zama nawa ba. Jarkar tana nan a jirgi, na hana kowa jefar da ita.

Ya ke wadda raina ya zaɓa, na san ba a kwance abin da manya suka ƙulla don mai jirgi ya sayi waya. Na kira ki sau bakwai da ita, tana nuna sunanki da manyan haruffa har ta gaji ta yanke. Ba na roƙon ki kunyata mahaifanki. Abu ɗaya nake roƙo. Idan akwai sauran wuri, ko kamar ƙwayar gero ne, ki yi mini filashin sau ɗaya, ba sai kin yi magana ba. A ranar baffannina za su kwana a Yelwa. Na ɗaure wayar a leda na rataye a wuya, na ƙure ƙararta yadda ko inji na ruri zan ji. Jiya sau biyu ina kashe inji a tsakiyar tafki don na ji kamar ta yi motsi, fasinjoji suna tambaya ko lafiya. Saƙon kamfani ne.

Idan kuma shiru ne amsarki, na karɓa. Allah ya sa Jalaluddeen ya zama mai gani da wuri, ya ba ku zaman lafiya. Duk ranar da aiki ya sake kawo ki Wara da akwatinki, bencin gaba naki ne, zan tsallakar da ke ko ɗigon ruwa bai taɓa ki ba, kuma ba zan ce miki komai ba sai sannu da aiki.

Kowa a bakin ruwa yana yaba sabuwar wayar, suna cewa ba abin da take ɓoyewa. Gaskiyarsu. Shi ya sa ban bayar da tsohuwar ba, ko da yake Inna ta roƙa. Idan na ɗaure jirgi da yamma ita nake kunnawa. A cikinta babu goro, babu tabarmi, babu zobe, fuskarki ce kawai cikin shuɗin mayafi, kina ce mini in duba da kyau.

Naki tun daga ranar hadarin nan, kuma naki ko wayar ta yi ƙara ko ba ta yi ba,

Zulkiflu mai jirgi, Wara.